Tumbin Yaya Mariyama da Sunan da Ta Haɗiye

Da sunan Allah nake farawa, Shi da ya halicci ciki kuma ya san abin da ke cika shi. Ni Rabi ce, telar mata a Birni, nan cikin Damagaram. Ni na yi jinyar yayata Mariyama wata tara, a shekarar farin da gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye. Tana nan da ranta, alhamdu lillahi. Na rubuta wannan ne don masu jinya irina, saboda na ɓata wata biyu cur ina faɗa da kwanuka da langa-langa, alhali cutar ba a cikinsu take ba. Ina da saurin fushi, duk unguwarmu an sani, kuma za ku ga inda fushin ya yi rana da inda ya yi ɓarna.

Yaya mai alkaki ce. Mijinta ya rasu tun yaranta biyu suna ƙanana, da kaskon tuya ta raine su. Doguwa ce siririya tun tasowarmu, har Innarmu takan ce iska za ta ɗauke ta. To cikin shekara biyar sai ta cika ta batse. Ni na fara lura, don ni ke ɗinka mata kaya: turmin atamfa da ke isarta riga da zane da ɗankwali har a samu ragowa, ya koma ba ya rufe ta. Amma wa zai ce cuta ce? Duk wadda ta shigo sayen alkaki sai ta ce, "Mariyama an samu hutu, tubarkalla." Ni ma da bakina na sha tsokanarta cewa ribar alkakin duk a jikinta take tsayawa. Ita kuwa sai ta yi murmushi ta ci gaba da juya tuya.

Wata Laraba da hantsi numfashinta ya sarƙe a gaban kasko, ta zame ta zauna a ƙasa ba ta iya tashi. Sai a ranar na ga ƙafarta ta hagu ta kumbura, da wani miki a babban yatsa da ta ɓoye wata guda a cikin tsumma. Mu biyar muka ɗaga ta. Lungunan Birni mota ba ta shiga, sai da muka tallabe ta cikin rairayi har bakin hanya, muna tsayawa tana haki.

Abin da na gani a asibiti har gobe yana idona. Tun daga ƙofa matan ƙauye ne zaune a layi, daga Dogo, daga Garagumsa, daga ko'ina, kowace da yaro a cinya, wuya kamar kara, gashi ya yi ja. Ta tsakiyarsu muka ratsa da Yaya, mutum biyar riƙe da mutum ɗaya. Ba wadda ta zage mu. Wata dattijuwa ce kawai ta ɗago kai ta dube ta sama da ƙasa, ta ce a hankali, "Baiwar Allah, Allah ya ba mu irin cutarki." Ba da gatse ta faɗa ba, addu'a ce take yi tsakaninta da Allah. Na buɗe baki zan rama, Yaya ta matse mini hannu, ta ja mayafi ta rufe fuskarta.

Satin farko duk na analiz ne. A ɗebi jini yau, a ce a dawo gobe, a rubuta ordinansi, takardar magani, in ruga farmasi in dawo in tarar layi ya wuce ni. Na yi ƙorafi, na yi faɗa da mai kiran suna sau biyu, amma in za a faɗi gaskiya mutanen nan suna aiki har ƙafafunsu na rawa, kuma ba su taɓa wulaƙanta ta ba. Lokotoron, wato likitan da ya karɓe ta, mutum ne mai sanyin magana, da farin gilashi. Ya ce tansiyo, wato jini, ya hau, sukari ya hau, zuciya kuma ta gaji da jan wannan jiki. Ya ce, "Hajiya, zuciyar mutum ɗaya Allah ya ba ki, tana aikin mutum biyu. In aka ci gaba haka, ko ƙafar ta tafi ko ke ki tafi." Ya rubuta mata rejim, wato dokar abin da za ta ci. Sannan ya ce akwai wani aiki da ake yi a Tunis, a yanke tumbi a rage shi ya koma kamar ayaba ɗaya, mutum ya ci kaɗan ya ƙoshi. Ni dai baki na saki. Ashe ɗan Adam ya kai inda zai buɗe cikin ɗan'uwansa ya rage masa tumbi ya ɗinke, mutum ya tashi ya yi salla. Ikon Allah ya wuce tunani. Lokotoro ya ce shi zai rubuta takardar da za a karɓe ta da ita can, amma sai mikin ya warke, sai kuma ya ga nauyin ya fara sauka da kansa.

Daga nan ƴan dubiya suka fara. Kun san halinmu: ba a zuwa dubiya hannu sake, kuma tambayar farko bayan "ya jiki" ita ce "tana ci kuwa?" In an ce tana ci, sai kowa ya ce alhamdu lillahi, sauƙi ya samu. Langa-langa suka taru a ƙarƙashin gado, dambu, taliya, farfesun kai, shinkafa da wake. A shekarar da tiyar gero ta gagari mai albashi, mutane suna cire na bakin ƴaƴansu suna kawo wa Yaya. Ina jin haushinsu, ina kuma jin kunyar alherinsu. Shawara kuwa kowa da tasa. Wata ta ce jifa ne, masu alkakin unguwar Zango ke baƙin ciki da kasuwarta. Wata ta kawo saiwa a jiƙa da tsamiya. Da aka ji maganar operasiyo, wato aikin rage tumbin, wani ɗan'uwan babanmu ya ce, "A shekarar da mutane ke neman abin da za su zuba a ciki, ku kuna neman wanda zai yanke muku cikin? Ku ji tsoron Allah."

A sati na uku Gwaggo Hajo ta zo daga Dogo. Ƙanwar babanmu ce, ta haura saba'in, ta bushe kamar sanda. Ta sauke ƙwarya a gaban Yaya, fura ce dama da nono, ta ce, "Sha, ɗiyata, ki samu ƙarfi." Na san halin da Dogo ke ciki, na san a gidanta hanza, ƴaƴan itacen daji masu ɗaci, ake jiƙawa ana ci. Amma fushi ya riga ni. Na ɗauke ƙwaryar na ce, "Gwaggo, ku ne za ku kashe ta. Dube ta fa. Ƙarfin me kuma take nema?" Sai bayan kwana biyu na ji daga bakin surukarta cewa geron irin da ta ɓoye don shuka ne ta ɗiba ta daka. Na je na durƙusa na ba ta haƙuri, ta ce ba komai, amma wannan magana tawa har yau in na tuna ta sai in ji zafi a ƙirjina.

Aka sallame mu bayan wata guda, na kwaso keken ɗinkina na dawo gidan Yaya. Na kashe wutar kasko. Ni ke dafawa, ni ke aunawa: ganyen zogale, ɗan kifi, tuwo kamar dunƙulen hannu. Tana ci ba musu, har tana cewa na iya miya. Ranar randebu, ranar komawa asibiti, ta hau balansin awo, sai ga nauyi ya ƙaru. Na ce balansin ne ya lalace. Bayan sati biyu ya sake ƙaruwa, mikin kuma yana nan yana ruwa.

Wata rana bayan azahar, lokacin da zafi ke kwantar da kowa, na tashi shan ruwa na ga tabarmarta ba kowa. Na ji motsi a ɗakin ajiya inda take tara fulawa da sukari. Na tura ƙyaure. Tana tsaye, ta ba ƙofa baya, da ƙwaryar gumba a hannu, tana tura ta baki da sauri, loma kan loma, ba ta ko taunawa sosai. Abin da ya tsorata ni fuskarta ce. Babu daɗi a cikinta ko kaɗan, fuskar mai shan magani mai ɗaci ce. Ashe kullum tana aika wa wata maƙwabciya gero ta daka mata a ɓoye. Na zazzaga mata masifa. Na ce na bar kekena da masu ɗinkina don ke, ke kuma kina haƙa kabarinki da hannunki, in mutuwa kike so ki faɗa mini in koma gidana. Ta ajiye ƙwaryar, ta goge hannu a zane, ta ce, "Rabi, wallahi ba yunwa nake ji ba." Na ce to mene ne. Ta ce, "Ban sani ba. In lokacin nan ya yi, sai in ga kaina a nan."

Na kwashe duka na gaya wa lokotoro, ina jiran ya yi mata faɗa. Bai yi ba. Ya cire gilashinsa ya ce, "Takardar nan ba zan rubuta ta yanzu ba. In an rage tumbi, aka ɗinke, ta koma ta yi irin wannan ci a tsaye, ɗinkin zai iya ɓarkewa, kuma wannan mutuwa ce. Wuƙa tana rage wurin zuba abinci. Abin da ke tura ta ɗakin ajiya, wuƙa ba ta kai wa gare shi." Ya tura mu wurin wata mata da ke aiki a can ƙarshen asibitin, ya ce sikolog ce, aikinta sauraro. Da dangi suka ji, sai aka ce Rabi ta kai yayarta wurin likitan mahaukata. Na ce eh na kai, duk wanda ya fi ni sonta ya zo ya karɓi jinyar. Ba wanda ya zo.

Madam Zeinabu sunanta, ƴar Damagaram ce, da lalle a hannunta kamar kowa. Zama biyu na farko Yaya ba ta ce komai ba sai "lafiya lau". A na uku ta yarda in zauna. Madam ta tambaye ta yaushe jikin ya fara cika. Yaya ta ce shekara biyar. Madam ta ce me ya faru shekara biyar da suka wuce. Yaya ta dubi bango. Ni na amsa, na ce shekarar farin da ya gabaci wannan ce, shekarar da ɗanta ya rasu.

Ga yadda abin yake. Yaya tana da ɗa namiji, shi ne na fari, ya kai ashirin da biyu. Sunan uban mijinta aka sa masa, don haka mu duka Abba muke kiransa. Ita kuwa ko Abban ba ta faɗa. Ɗan fari ne, kuma an yi mana tarbiyya cewa uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. "Wannan yaron" take cewa. A wancan farin kasuwa ta mutu, ya ce zai bi mota arewa ya nemo. Motarsu ta lalace a cikin sahara bayan Agadas, ƙishirwa da yunwa suka kashe mafi yawansu. Da labari ya zo, ni na yi ta birgima a tsakar gida. Ita tana zaune da carbi tana karɓar gaisuwa, ido a bushe. Kowa ya yaba. Gwaggo Hajo da kanta ta raɗa mata, "Ki daure, ɗan fari ne, kada ki ba mu kunya." Ni ma na yi alfahari da haƙurin yayata a lokacin.

Madam ta ce, "Hajiya, yaya sunansa?" Yaya ta sunkuyar da kai ta ce, "Rabi ta sani." Na ɗauka Madam za ta matsa mata, irin na masu boko. Sai ta ce, "Na gane, ni ma uwata ba ta taɓa kiran sunan yayanmu ba. Bar sunan. Gaya mini, me ya fi so ya ci?"

Yaya ta ce, "Gumba." Daga nan magana ta ɓalle. Ta ce ranar da zai tafi ta tashi ta daka masa gumba, ta haɗa da alkaki da ƙuli-ƙuli, ta ƙulle a zane. Kunya ta hana ta miƙa masa da hannunta, ta kuma hana ta raka shi tasha. Ta bari ya fita, sannan ta ba maƙwabciya ƙunshin ta bi shi da shi. Kafin matar ta isa mota ta tashi. Aka dawo mata da guzurin, ta jefa shi ɗakin ajiya. Ta ce, "Ranar sadakar uku, bayan azahar mutane sun watse, na shiga ɗauko sukari na ga ƙunshin. Yaron nan yunwa ta kashe shi, abincinsa yana ɗakina. Na kwance na cinye duka a tsaye don kada in sake ganinsa. Washegari lokacin ya yi, na sake shiga."

Shekara biyar muna gida ɗaya kusan kullum, ban san wannan ba. Ni tela ce, ina auna ƙugunta da mita duk salla, ina ganin adadi yana hawa, ban taɓa tambayar me nake aunawa ba. Na ji tsoron Allah a ranar, yadda ya ƙera zuciyar mutum ta iya ɗaukar irin wannan kaya tana tuya tana murmushi.

Na je Dogo da kaina na gaya wa Gwaggo Hajo, kuma ban ɓoye ba, da niyyar in ɗora mata laifi na je. Ta saurare ni har ƙarshe a gindin rumbunta da ba komai a ciki. Ta ce, "Nawa ɗan farin a babbar yunwa ya tafi, kafin a haife ki, yana shekara huɗu. Ni ma haka aka ce mini, haka na ce wa Mariyama. Mu da muka haɗiye namu ba mu da abin da za mu bi shi da shi, shi ya sa kika gan mu a bushe. Ita Allah ya ba ta kasko." Ta shiga ɗaki ta ɗauko zanenta ɗaya ta ce mu tafi.

Wata huɗu Gwaggo ta yi a gidan. Ba ta hana Yaya komai ba, ba ta sa kwaɗo a ɗakin ajiya ba kamar yadda na so. Da an sallame azahar sai ta shimfiɗa tabarma a bakin ƙofar ɗakin, ta ce, "Mariyama, zo ki taya ni zama. Rabi, ba mu labarin ranar da Abba ya faɗa rijiyar makaranta." Sai in bayar. Gobe ita ta ba da nata, na lokacin da ya je hutu Dogo jaki ya kayar da shi. Yaya tana ji, hannunta yana murza bakin zane. Wata rana ta tashi ta tsallake mu ta shiga ɗakin, mu yi shiru mu jira ta fito. Wata rana ta zauna har la'asar. A sati na shida ta fara gyara mana labari: "Ba rijiyar makaranta ba ce, ta gidan liman ce." A na tara ta yi kuka, irin kukan da maƙwabta suka leƙo suna tambayar wa ya rasu. Gwaggo ta ce musu, "Tsohuwar rasuwa ce, ku koma." Sunan dai bai fito ba, "wannan yaron" ne har lokacin.

Nauyi ya fara sauka kaɗan-kaɗan, mikin ya kame ya bushe. Lokotoro ya ce duk da haka zuciyar tana bukatar aikin, ya rubuta takarda. Yaya ta yi istihara, ta sayar da filinta na bayan gari, ta ce a tafi. Kuɗin ba zan faɗa ba, don kada masu cewa an yi almubazzaranci a shekarar yunwa su samu abin taunawa.

Ga abin da nake so mai jinya ya riƙe. In naka yana ci ba ƙoshi, kafin ka ɓoye kwano ka tambaye shi yaushe abin ya fara. In za a yi aikin tumbi a yi, yana da amfani, yau Yaya tana tafiya kasuwa da ƙafarta kuma ludayi uku na kunu ke isarta. Amma da an yi mata shi a wata na biyu kamar yadda na so, da gawa na dawo da ita. Kuma ku masu zuwa ta'aziyya, ku rage yabon wanda bai yi kuka ba.

A Tunis aikin ya ɗauki abin da bai kai tsakanin azahar da la'asar ba. Aka kira ni ɗakin da take farfaɗowa, na same ta da robobi a hannu, ido a rufe, leɓɓanta suna motsi. Na kai kunne. Suna take kira, tana maimaitawa, sunan da shekara arba'in da huɗu ina duniya ban taɓa ji a bakinta ba. Wata anfirmiya, ma'aikaciyar jinya Balarabiya da ke gyara mata ruwa, ta tambaye ni da Faransanci wa take kira. Na ce ɗanta. Ta ce in yana waje a shigo da shi, an yarda mutum biyu.

Yaya ta buɗe ido ta tambaye ni me matar ta ce, na fassara mata. Na ɗauka maganin barci ne bai sake ta ba, za ta juya kai ta yi shiru. Sai ta dubi anfirmiyar sosai, ta ce mini, "Gaya mata ba ya waje. Ya rasu a hanya, da yunwa. Ɗana ne na fari, ina sonsa, ban taɓa gaya masa ba. Sunansa Mahamadu Lawali."

Na fara fassarawa, ta ɗaga hannu ta tsayar da ni. Ta ce, "Sunan bar shi, ni zan faɗa mata." Ta sake faɗa, a hankali, har matar ta iya maimaitawa.